Fastel: Allin Zanen Da Ƙasar Mafara Za Ta Iya Samar Wa 'Ya'yanta

A ƙarshen kakar da ta wuce na kai ziyarar zumunci wani ƙauye da ke mazaɓar Ruwan Gizo, a Ƙaramar Hukumar Talata Mafara. Ina shiga zauren gidan da na sauka, sai idona ya faɗa kan wani zane a jikin bango: bishiyar dogon yaro, rumbuna biyu, rana tana shirin faɗuwa, can gefe kuma jerin babura, kowanne da mutum uku a kai. An yi baƙin da gawayi, jan da gutsuren tsingaro, farin kuma da farar ƙasar da ake shafe ɗaki. Mai zanen yaro ne da bai wuce shekara goma ba, kuma na tarar an riga an yi masa faɗa saboda ya ɓata bango.

Na kira shi na ce, "Wa ya koya maka wannan?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba kowa, Kawu."

Yaron bai sani ba, amma abin da ya tsinta a tsakar gida ya yi zane da shi ɗan'uwa ne na jini ga wani kayan aiki da masu zane na duniya ke ji da shi, wanda ake kira fastel. Ra'ayina shi ne, a duk kayan zane babu wanda ya dace da makarantun Talata Mafara da Bakura da Maradun kamarsa, kuma ƙasarmu tana da kusan duk abin da ake bukata a haɗa shi. Sai dai akwai sharaɗi guda mai nauyi, wanda mu mutanen Zamfara muka fi kowa sanin dalilinsa.

Mene ne fastel?

Fastel ɗan sanda ne mai kama da allin makaranta, tsawonsa da kaurinsa kamar na yatsa. Abubuwa uku ake haɗawa a yi shi: garin launi, da farin gari irin na alli ko farar ƙasa domin sassauta launin, sai ɗan danƙo kaɗan da zai riƙe garin kada ya warwatse. Sunan ya samo asali ne daga kalmar Italiyanci mai nufin ɗan ƙullu ko ɗan kwaɓi, domin kwaɓa shi ake yi a mulmula a shanya.

Iri-iri ne. Akwai mai tauri, wanda danƙonsa ya fi yawa, ana jan layi da shi. Akwai na mai, wanda aka haɗa da kaki da mai, ɗan'uwan kalar da yara ke saye a shago. Wanda nake magana a kansa shi ne mai taushi, wanda garin launinsa ya rinjayi danƙon, har idan ka goga shi a takarda sai ya bar launi cikakke kamar an barbaɗa hoda. Bambancinsa da allin makaranta mai launi shi ne, shi allin kusan duk farin gari ne da aka ɗan rina, shi ya sa launinsa ke fitowa a koɗe.

Mai aiki da fastel ba ya bukatar buroshi, ba ya bukatar ruwa ko man tsarma fenti, ba ya jiran wani abu ya bushe, ba ruwansa da wutar lantarki. Takarda mai ɗan kaushi da yatsunsa sun ishe shi. Kuma da yake babu mai a cikinsa, ba ya komawa rawaya ko ya tsattsage idan ya tsufa, kamar yadda fentin mai ke yi. Rauninsa ɗaya ne: gari ne zaune a bisa takarda, ko hannun riga ya shafe shi sai ya ɓaci.

Daga fadar sarakuna zuwa kasuwar gwanjo

An fara jin labarin fastel a Turai tun wajen ƙarshen ƙarni na 15, amma bai yi tashe ba sai a ƙarni na 18. Wadda ta ɗaga darajarsa mace ce 'yar birnin Benis na Italiya, Rosalba Carriera, wadda aka haifa a 1673. Ta je Faris a 1720, ta zana Sarki Louis na 15 yana yaro, kuma a wannan shekarar aka karɓe ta a majalisar masu zane ta masarautar Faransa. Bayanta Maurice Quentin de La Tour ya yi suna da shi. A ƙarni na 19 kuma Edgar Degas ya mayar da shi babban makaminsa, yana jera launi bisa launi har takarda ta cika. Zane-zanen Rosalba suna rataye a gidan adana kayan fasaha na Dresden a Jamus, shekara kusan 300 ke nan, launinsu bai gushe ba.

A watan Mayun 2012 aka yi gwanjon wani zane na Edvard Munch ɗan ƙasar Norwe, wanda ya yi a 1895, aka saye shi kusan dala miliyan 120 a Amurka. Da fastel aka yi shi, a kan kwali. Ban kawo wannan don in ce yaranmu za su yi arziki da zane ba. Na kawo shi ne don mai karatu ya ga cewa garin launi da kwali ba kayan wasa ba ne a idon waɗanda suka san darajarsu.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage

Mafi daɗewar launin da ɗan Adam ya yi aiki da shi ƙasa ce. A kogon Blombos na Afirka ta Kudu an tono wurin da ake haɗa jar ƙasa tun kimanin shekara 100,000 da suka wuce. A nan gida ma, duwatsun Birnin Kudu a Jihar Jigawa suna ɗauke da zanen shanu da mutanen da suka yi. Sirrin shi ne tsatsar ƙarfe da ke cikin ƙasa: ita ke ba da ja, da rawaya, da ruwan ƙasa. Idan aka gasa rawayar ƙasa sai ta koma ja, abin da kowace mai ginin tukwane ta sani ba tare da ta shiga aji ba. Har gobe akwai launukan da kamfanonin Turai ke sayarwa da sunan ƙasar birnin Siena na Italiya, ɗanya da gasasshiya.

Danƙon kuwa, ƙaro na cikin waɗanda aka daɗe ana haɗa fastel da su, kuma Nijeriya tana sahun gaba wajen samar da shi a duniya tare da Sudan da Chadi. Duk wanda ya yi karatun allo ya san yadda ake haɗa tawada da gawayi da ƙaro. Wanda ya ga allon zayyana ranar sauka ya san malamanmu ba su tsaya kan baƙi kaɗai ba. Marina suna da shuni, magina suna da makuba da farar ƙasa, kuma adon bangon gidajen Zariya da Kano shaida ne kan idon Bahaushe. Ko sunayen launuka a harshenmu daga abin da ke kewaye da mu suka fito: ruwan ɗorawa, ruwan goro, ruwan toka, ruwan ƙasa. Farin garin ma ba sai an yi nisa ba. Ƙanƙara ta Jihar Katsina ta yi suna da farar laka, ga kuma farar ƙasar da mata ke haƙa a garuruwa da dama.

Akwai darasi a tarihin fasahar Nijeriya. Lokacin da Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a farkon shekarun 1950, da laka da duwatsun ƙasar nan ya yi aiki. A can Ladi Kwali ta shiga a 1954, ga hotonta nan yau a bayan takardar Naira 20. A 1958 kuma ɗaliban zane a Zariya, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suna cewa a haɗa dabarar zamani da gadon gida. Abin da nake kira a kai bai wuce wannan ba.

Yadda ake haɗa shi

Fastel mai kyau daga waje ake shigo da shi, kuma da wuya a same shi a shagunan Gusau, balle Mafara. In ma an samu a manyan birane, kuɗin akwati ɗaya zai yi wa albashin malamin firamare babban giɓi. Haɗa shi a gida kuwa bai fi ƙarfin wanda ya iya tace kamu ba.

Ana jiƙa ƙasar a ruwa, a dama ta sosai, a bar ta ɗan lokaci kaɗan yashi da tsakuwa su kwanta. Sai a tsiyaye ruwan saman mai launi zuwa wani mazubi ta cikin ƙyalle, a bar shi ya kwana. Da safe za a tarar lallausan gari ya kwanta a ƙasa. A zubar da ruwan, a bar garin ya tsane har ya zama kamar ƙullu. Daga nan a ɗiga ruwan ƙaro mai tsarri ƙwarai, a murza. Nan ne gwaninta take: ƙaro ya yi yawa, sandan ya yi tauri ya ƙi kama takarda, ya yi kaɗan, ya ruguje a hannu. Ƙasar da ke da yumɓu a jikinta takan riƙe kanta ko ba a sa mata komai ba. Saboda haka a fara mulmula guda ɗaya a gwada, kafin a yi da yawa. Ana shanya su a inuwa na kwana biyu zuwa uku, domin rana takan sa su tsage.

Don a samu launi mai hawa-hawa, a raba ƙullun biyu. A mulmula rabi yadda yake, ɗaya rabin a haɗa shi da farar ƙasa daidai yawansa. A sake raba wannan biyu a ƙara fari, haka har sau huɗu ko biyar. Daga jar ƙasa guda sai a samu tun daga ja mai duhu har zuwa ruwan hoda. Baƙi daga gawayi ne da aka daka da ɗan ruwa. Shuɗi kuwa ana samunsa daga shuni ko bular wanki idan aka haɗa da farar ƙasa, kuma shuɗi da rawaya su ke ba da kore, ko da bai kai na kanti haske ba. Ruwan zoɓo da kurkum suna da kyau a ido ranar farko, amma haske na cinye su, don haka ba a dogara da su.

Wajen zanen, takarda mai santsi ba ta riƙe garin. Kwali, ko takarda mai ruwan ƙasa ta naɗe kaya, ko samfefa mai laushi sun fi dacewa. Ana farawa da launuka masu duhu, a ƙare da masu haske. Gefen sandan na shafe fili mai faɗi, bakinsa na jan layi. Ana iya haɗa launi biyu da yatsa, amma yawan murzawa na kashe hasken zane ya mayar da shi kamar laka. Idan an gama, a rufe shi da takarda mai santsi a ajiye a kwance. Wanda za a rataye kuma a sa shi a gilashi, a bar ɗan rata kada gilashin ya taɓa shi.

Ƙurar da Zamfara ba za ta manta ba

Ga sharaɗin da na ambata. A 2010 duniya ta wayi gari da labarin gubar dalma a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Masu neman zinare suna kawo duwatsu cikin gida, ana daka su ana niƙawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Duwatsun cike suke da dalma. Ƙurar ta shiga ƙasa da abinci da hannuwan yara, aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai kuma suka bukaci magani a hannun ƙungiyar likitocin nan ta MSF. Sunayen Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega sun shiga tarihi ta wannan ƙofa. Sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, kuma aikin Bagega bai samu ba sai a 2013.

Fastel ƙura ce da aka dunƙule. Duk wanda zai ce wa mutanen Zamfara su ɗebi ƙasa su haɗa wa yara abin zane, wajibi ne ya faɗi wannan da babbar murya. Ba a ɗibar ƙasa ko dutse daga ramin zinare, ko inda aka taɓa niƙa ko wanke shi, komai kyan launinsa. Ba a sa kwalli don neman baƙi, domin kwallin dutse na gargajiya yawanci ma'adinin dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri da dalma ta hau jininsa ta dalilin irin wannan kwalli da aka kai daga Nijeriya. Ba a niƙa komai a bushe. Kuma a sani cewa jiƙawa da tacewa suna rage tashin ƙura ne kawai, ba sa cire dalma. Ido ba ya ganinta, harshe ba ya jin ta. Gwaji ne kaɗai ke nuna ta, kuma akwai 'yar na'urar hannu da ke yin wannan gwaji nan take, irin wadda aka yi aiki da ita lokacin tsabtace waɗancan ƙauyuka.

Na kanti ma ba a sake jiki da shi ba, domin wasu launukansa masu haske daga ƙarafa masu illa ake yin su. Ƙa'idar ɗaya ce ko na gida ko na waje: ba a hure ƙurar da baki, sai dai a karkata takardar a ɗan buga bayanta garin ya zuba kan jiƙaƙƙen tsumma. A yi aiki inda iska ke shiga, a goge benci da ɗanyen ƙyalle maimakon shara, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Ƙananan yaran da ke kai komai baki a bar su tukuna, mai ciwon asma kuma a kula da shi.

Wani zai ce tunda haka ne a bar abin baki ɗaya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma ba a ga laifinsa ba. Amma yaron da na gani a zaure bai jira izinin kowa ba kafin ya tsinci abin da ya yi zane da shi. Gara a ba shi wanda aka gwada aka tabbatar da lafiyarsa.

Tambayoyi biyu da na san za a yi

Ta farko ita ce ta addini. Iyaye da yawa suna ƙyamar darasin zane saboda hanin da ya zo kan surar abu mai rai, kuma wannan fage ne na malamai. Sai dai sananne ne cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da shi, ya shawarci wani mai sana'ar yin surori da ya koma zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Wannan fili ne mai faɗi. Ga ruwan madatsar Bakolori da aka kammala a 1978, ga gonakin shinkafa da ke shan ruwanta, ga hazon hunturu a kan fadama, ga hadarin farkon damina da bakan gizo. Kuma babu abin da ke kama hazo da gajimare kamar fastel, domin shi ma gari ne. Ga zayyana, ga dagi, ga adon bakin zaure.

Ta biyu ta fi zafi: ana fama da 'yan bindiga, wa ke ta zane? Ban manta ba. A ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe, a cikin wannan ƙaramar hukuma. A watan Agustan shekarar aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura, ranar 1 ga Satumba kuma aka ɗauki ɗalibai 73 a Kaya ta Maradun, har aka rufe makarantun jihar. Alli ba ya tare harsashi, kuma tsaro haƙƙi ne da ke wuyan hukuma. Amma yaran da suka taso cikin wannan hali suna ɗauke da abubuwan da bakinsu ba ya iya faɗa, shi ya sa masu kula da yaran da rikici ya raba da gidajensu a Arewa maso Gabas suke ba su takarda da kala. Jerin baburan nan da ke jikin bango magana ce, kuma ba wanda ya saurare ta sai da aka zo batun ɓata bango.

Bayan haka, zane sana'a ce. Mai ɗinkin babbar riga sai ya zana aska takwas kafin ya sa allura. Mai lalle, da magini, da kafinta, da mai rubuta allon shago, da ɗalibin da zai zana taswirar gini ko sassan fure a jarrabawa, duk ido da hannu suke bukata, kuma tun icce yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da ya kamata a yi

Darasin fasaha da al'adu yana nan cikin manhajar firamare da ƙaramar sakandare. A makarantu da yawa malami ne ke rubuta ma'anar launi a allo, yara su kwafa, ba tare da sun taɓa riƙe launi a hannu ba. Gyaran wannan ba ya bukatar kwangilar biliyoyi.

Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau tana nan cikin Talata Mafara. Ɗalibanta na fannin kimiyya za su iya ɗaukar wannan a matsayin aikin kammala karatu: su tattaro samfurin jar ƙasa da rawaya da fara daga Mafara da Bakura da Maradun, a gwada su, a fitar da sunayen wuraren da ƙasarsu ke da lafiya da waɗanda za a guje wa. Ma'aikatun lafiya da muhalli na jiha, waɗanda suka ga abin da ya faru a 2010, su taimaka da na'urar gwaji. Kwalejin Ilimi ta Maru ta koya wa malamai masu zuwa yadda ake haɗawa da yadda ake kiyaye ƙura. Sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello yana da gogewar da za a nemi shawararsa. Idan an tabbatar da wuraren ɗiba, ƙungiyoyin mata za su iya mulmulawa su sayar wa makarantu, kuɗin ya tsaya a gida. Sharaɗin dai kada a tsallake shi: gwaji kafin ɗiba.

Kafin in baro ƙauyen na roƙi mahaifiyar yaron kada a shafe zanen tukuna. Ta yi dariya ta ce, "Yaya, ai damina na zuwa za a yi sabon yaɓe." Na tsinci wani kwalin taliya na yanka masa gida huɗu, na ce ya riƙa yi a kai yana ajiyewa, amma ya tsaya kan gawayi da farar ƙasar ɗaki, kada ya ɗauko dutsen da bai sani ba. Iyakar abin da kawu zai iya ke nan. Sauran yana hannun malamai da masana da hukuma. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya raya mana zuriya.